Injin shara mai batir ya fara fito kuma zuƙarsa ta ragu, ta ina zan fara?

Abu_Hafsat:

Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah masu sanin kayan wuta ku taimaka min da shawara. Ina da injin sharar nan mai batir, irin mai doguwar sanda da ake cirewa a mayar da shi na hannu, ɗan tokunbo ne na saya wajen wani mai kayan gwanjo kuma gaskiya tunda na saya bai taɓa bani ciwon kai ba, kafet ɗin falo da cikin mota duk da shi muke yi. To tunda hunturun nan ya kankama sai ya fara wani irin fito siriri, da ka danna shi sai fiiiii, tun yana yi kaɗan kaɗan har yanzu ya kai in ana shara a falo wanda ke cikin ɗaki ma sai ya yi magana, yara kuma sun samu abin wasa suna ta kwaikwayonsa.

Ba ƙarar kaɗai ba, ƙarfin zuƙar ma ya ragu sosai, da can in shinkafa ta zube a tayil wucewa ɗaya ya kwashe, yanzu sai kayi ta kai da komo yana tura ƙwayar gaba. In na sa shi a babban giya fiton ƙaruwa yake yi. Na zubar da dattin kofin na kakkaɓe filtar amma babu wani canji. Wani yaro a layinmu yace moto ne ya kusa tafiya in nemi wani kawai, ni kuma ban yarda ba saboda babu warin ƙuna, kuma yanzu ba lokacin sayen sabo bane kowa ya san yadda gari yake. Madam tace in ta riƙe shi tana jin kamar iska na motsi ta gefen kofin, ni dai ban ji ba.

Tambayata, ta yaya zan gane inda iskar ke zurarewa ba tare da na kwance shi gaba ɗaya ba, kuma in roba ce ta mutu me ake yi mata? Ina nan Jos ta wajen Anguwan Rogo. Nagode, Allah ya bar zumunci.

DanGangare:

Oga ka sayi tsintsiyar kwakwa ka huta mana, ba batir ba caji ba fito 😂 Wasa nake, amma da gaske ka duba sandar tukuna, namu na gida lokacin da ya fara irin wannan kukan ledar alawa ce ta maƙale a ciki, muna cirewa ya dawo daidai.

Baba_Mai_Gyara:

Wa alaikumus salam Abu Hafsat. Kada ka saurari yaron nan tukuna. Moton da ya kusa tafiya ba fito yake yi ba, wani kuka ne mai kaushi na ƙarfe yana cin ƙarfe, boris ɗin ne ke yinsa, kuma in ka saki makunni zaka ji yana gurnani yana sauka har ya tsaya, sau da yawa har da karkarwa a hannu ko wari. Fiton iska kuwa da ka saki makunni yake ɗaukewa. Abinda ka bayyana, ƙara siririya ga zuƙa ta ragu ga babu wari, iska ce ke shiga ta inda ba hanyarta ba, ko kuma hanyarta ta toshe ta nemi wata. Waɗannan biyun tare suke tafiya shi yasa mutane ke ruɗewa.

Bari in ɗan faɗa maka yadda iskar ke tafiya don in ka gane wannan kai da kanka zaka kama ɓarawon. Tana shiga ta kan da ke ƙasa mai buroshi, ta bi ɗan gajeren tiyo a wuyansa, ta hau sanda, ta faɗa kofin datti, ta wuce raga zuwa waɗannan ƙananan mazurarai da ke juya ta su wurgar da ƙura, daga nan filta, daga nan fankar moto, sannan ta fita ta baya, a wasu akwai filta ta biyu a bakin fita. Duk abinda ke gaban fankar nan zuƙa yake yi, wato in akwai kafa iska shiga take yi ba fita ba. Abinda ke bayan fankar ne kaɗai ke hurowa waje. To kaga in kana shafa hannu kana neman inda iska ke busowa a jikin kofi ba lallai ka ji ba, don ciki take faɗawa, madam ɗinka tana da gaskiya da tace motsi take ji.

Yanzu ga yadda nake yi a shago. Ka zubar da datti, ka cire sanda da kan ƙasa da komai, ya rage gangar jikin kaɗai a hannunka, ka kunna. In fiton ya ɓace to matsalar ba a jiki take ba, ka mayar da sanda ita kaɗai ka kunna, sannan ka ƙara kan ƙasa ka kunna, duk wanda ka ɗaura ƙarar ta dawo shi ne mai laifi ko kuma mahaɗarsa. In kuma fiton na nan da gangar jiki kaɗai, to ka sa tafin hannunka ka rufe bakin da sanda ke shiga na daƙiƙa ɗaya ko biyu. Injin da robobinsa ke da lafiya zai kama tafin da ƙarfi, muryar moton ta hau sama, wasu ma su fara yankewa suna dawowa ko su kashe kansu, wannan ba lalacewa bace haka aka yi su don kare moto. Wanda ke satar iska kuwa zaka ji kamun ba ƙarfi kuma fiton ya ƙara tsananta a wuri guda, don duk iskar ta koma bi ta kafar. Kada ka daɗe da rufewa, iskar da ke wucewa ita ce ke sanyaya moton, kuma moton waɗannan injinan ba irin na fankar sama bane, wasu suna juyawa sama da sau 100,000 a minti ɗaya, nan da nan suke ɗaukar zafi.

Don ka kama ainihin wurin, ka yagi tishu siriri kamar tsawon yatsa, ka riƙe bakinsa kana bi da shi a hankali ta kewayen murfin ƙasan kofi, da inda kofi ya haɗu da jiki, da kewayen murfin filta, da bakin sanda. Ka kashe fankar ɗaki ka rufe taga tukuna. Inda kafa take zaka ga tishun ya lanƙwasa ya manne da kansa. In kana da guntun tiyo, ko da na ruwa ne, ka kara baki ɗaya a kunne kana yawo da ɗayan a jikin injin, zaka ji inda ƙarar ta fi kaifi. Wata dabarar kuma mai sauƙi, yana cikin fiton ka dinga matsa wurare da babban yatsa, ka matse murfin ƙasa, ka matse kofi zuwa jiki, ka danna filta, inda ka danna muryar ta canza ko ta ɗauke to ka iso.

A irin waɗanda ake kawo min, mafi yawa robar murfin ƙasan kofi ce, don ita ake buɗewa ana rufewa kullum kuma ita ke kwana cikin datti. Ƙwayar yashi ɗaya ko gashi guda ya kwanta a kanta ya isa ya hana ta zama. Ga kuma garinmu, Jos tana kan tudu kimanin mita 1,200, sanyin Disamba da Janairu ba sai na faɗa maka ba, tsohuwar roba ƙandarewa take yi a sanyi ta daina kwanciya yadda ya kamata, ga ƙurar hunturu mai laushi da ke cika filta da wuri, in filta ta cika moton sai ya ƙara ja, iskar kuma ta nemi robar da ta fi rauni. Shi yasa ban yi mamaki da kace da hunturu ya fara ba. Ka lura ko ya fi yi da sassafe.

Abu ɗaya kafin ka fara liƙe-liƙe, ba kowace kafa ce lalacewa ba. A kan ƙasan wasu injinan akwai ƴan ƙofofi ko wani abu da ake turawa gefe wanda da gangan aka bar shi don kada kan ya manne a kafet ya ƙi tafiya, wasu kuma suna da bawul da ke buɗewa da kansa in hanya ta toshe. In ka liƙe waɗannan ka ƙara wa kanka aiki. Kayi gwajin ka dawo ka faɗa mana abinda ka gani.

Hajiya_Kubwa:

Sannu Abu Hafsat, sannu Baba, Allah ya ƙara basira. Ni dai ba mai gyara bace amma ina amfani da irinsa a nan Abuja kuma mu ne ke riƙe da shi kullum mun fi maza sanin halinsa 😄 Inaso in ƙara akan maganar filta, kace ka kakkaɓe ta, to kakkaɓewa bata isa ba wlh musamman a wannan lokacin, ƙurar nan ta hunturu shiga take yi cikin soson ta zauna, daga waje zaka ganta fes amma ciki ta toshe. In irin wadda ake wankewa ce ka wanke ta da ruwan sanyi zalla, ba omo ba sabulu, kana matsawa a hankali har ruwan ya fito fari, sannan ka ajiye ta inda iska ke kaɗawa. Littafin kamfanin Dyson ma abinda ya ce kenan, a wanke aƙalla sau ɗaya a wata da ruwan sanyi a barta ta bushe awa 24, sauran kamfanonin ma kusan haka ne. Yanzu da iska ta bushe ba wuya, amma da damina nakan ƙara mata lokaci, kuma dan Allah kada a ce ana sauri a kara ta a wuta ko a sa mata abin busar da gashi, kada kuma a mayar da ita da danshi don ruwan zai tafi cikin moto kai tsaye, banda warin da zata dinga yi. In kuma ta takarda ce mai ninki ninki wadda ba'a wankewa to ita canzawa ake yi.

Sannan wajen mayarwa a tabbata ta zauna, wasu murɗawa ake yi har aji ƙas, in ta tsaya rabi fito zata yi. Kuma tunda ɗan tokunbo ne ka duba ko filtar tasa ce ta asali, akwai waɗanda ake saidawa masu arha da suke shiga ramin amma zoben soso ko robar bakinsu ya fi siriri, zaka ga ta shiga amma tana rawa.

Maganar gano wurin kuma ni turaren tsinke nake amfani da shi, yafi tishu nunawa, ka kunna ka dinga bi da hayaƙin ta gefen mahaɗai zaka ga hayaƙin ya karkata ya zama kamar zare yana shigewa ta kafar, har yara sai su tsaya kallo. Amma a zubar da datti tukuna kuma a nisanta wutar kamar taƙi ɗaya daga jikin injin, kada a kusanta ta da bakin zuƙa don gashi da ƙura basa wasa da wuta. Tunda na ambaci turare, ƴan uwana mata dan Allah a daina zuƙe tokar kasko da shi, ko ta huce tana kashe filta nan take, in kuwa da sauran garwashi a ciki sai dai Allah ya kiyaye. Haka garin siminti in an yi aiki a gida, da fulawa in ta zube da yawa, a fara sa tsintsiya.

Ka kuma juya kan ƙasan ka duba buroshin, gashi da zaren kitso suna naɗewa a gefe da gefe har su hana murfinsa rufuwa daidai, ni almakashi nake sawa in bi layin in yanke in zare.

Sadiq_Bukuru:

Yallaɓai abu mai sauƙi, ka kwaɓa ruwan omo ka shafa a mahaɗan kamar yadda mai faci ke yi wa taya, inda ya yi kumfa nan ne. In ka samu ka lafta wa robar basilin shikenan zata kama, in tsagewa ce kuma supa gulu. Ni haka nayi wa famfon feshin gona kuma har yau yana aiki.

Injiniya_AC:

Malam Sadiq ka yi haƙuri zan ɗan saɓa maka, kada Abu Hafsat ya gwada wannan. Ruwan omo yana aiki a taya da famfon feshi da bututun gas ɗin AC da muke yi ne saboda can iska turowa waje take yi shi yasa kumfa ke tashi. A nan kamar yadda Baba ya faɗa zuƙa ce, babu kumfar da zaka gani, ruwan ne zai shige ta kafar, in kafar tana kusa da filta kuma ya isa moto da allon wutarsa, ka tashi daga matsalar roba ka koma matsalar da ta fi kuɗin injin.

Basilin kuma daga man fetur aka samo shi, akwai robobin da yake kumbura su ya sa su yi laushi su saki, ranar farko zaka ji fiton ya ɗauke kace an dace, bayan ɗan lokaci robar ta fi kwarminta girma ta dinga fitowa duk sanda aka buɗe murfi. Banda haka wurin nan hanyar ƙura ce, duk abu mai maiƙo da ka lafta ƙura zata manne ta zama laka. In dole sai an shafa wani abu to giris ɗin silikon ne, irin na masu aikin famfo, shi ma ɗan kaɗan a yatsa a goge har sai dai ƙyalli, kuma in robar kanta ta silikon ce, irin mai taushi sosai ɗin nan, shi ma kada a sa mata don yana kumbura ta. Ni a ganina ma mafi yawan lokaci ba'a buƙatar komai, a ciro robar a hankali da abu mara kaifi, a wanke ta da ruwan ɗumi, a share kwarmin da tsohon buroshin haƙori da ɗan tsumma, a bari komai ya bushe a mayar ba tare da ta murɗe ba. Ruwan ɗumin yana taimaka wa wadda ta ƙandare ta ɗan dawo siffarta. In zobe ne mai zagaye irin wanda ke mahaɗar sanda kuma ya baje ko ya tsinke, ka ɗauke shi a hannu ka je wajen masu kayan famfo ko masu kayan gyaran mota a gwada maka daidai kauri da faɗi, kada ka je da baki kace kamar kaza.

Supa gulu shi ma bana so a jikin kofi, yana bushewa da tauri ya yi fari, kofin kuma kullum cikin bugu da girgiza yake, sai ya sake buɗewa ta gefen. A tiyo kuwa ma ɓata shi zai yi don wurin lanƙwasawa ne. Tsagar kofi gam mai haɗi biyu ya fi, a goge wurin a shafa ta waje a barshi ya kwana.

Wurin da nafi so ka duba da kyau shi ne tsakanin filta da moto. Kafa a ko'ina ƙarfi kawai take ragewa, amma kafa a nan tana nufin ƙura na shiga moto ba tare da an tace ta ba. Ka ciro filta ka haska tocilan a ramin, bayan filta ya kamata ya zama fes, in ka ga layin ƙura a gefe ɗaya to ta nan take wucewa. Kuma duk abinda zaka kwance ka cire batir tukuna in irin mai fita ne, galibinsu ƙwayoyin lithium shida ne a jere masu bada volt 21.6, ba zai ja ka kamar wutar NEPA ba amma in sukundireba ya haɗa baki biyu tartsatsin da zai yi ba kaɗan bane.

Abu_Hafsat:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, Baba, Hajiya, Injiniya, nagode ƙwarai. Ga abinda na samu. Na fara da maganar DanGangare na ɗaga sandar na leƙa ta haske, na kuma jefa murfin biro ya fito ta ƙasa, babu abinda ya toshe. Na cire komai na kunna gangar jiki kaɗai fiton na nan, na rufe da tafi kamar yadda Baba yace kamun ba wani ƙarfi ƙarar kuma ta ƙaru. Muka kunna turaren tsinke ni da madam, muna zuwa wajen murfin ƙasa ta gefen da ƙugiyar take sai ga hayaƙi yana shigewa, na matse wurin da yatsa sai tsit. Dana buɗe na duba da tocilan ashe robar ta fito daga kwarminta kamar tsawon farce kuma ta murɗe, a ƙarƙashinta akwai yashi da wani abu kamar busasshen tuwo da ya daskare. Na ciro ta na wanke da ruwan ɗumi na share kwarmin, ta bushe na mayar, filtar ma an wanke, ruwan da ya fito ja wur kamar ba ita na kakkaɓe ba, na barta ta kwana ta wuni.

Yanzu gangar jiki kaɗai babu fito kuma yana kama tafi da ƙarfi har yana yankewa. Da sanda ma lafiya. Amma dana ɗaura kan ƙasa sai naji wani huci, ba fito irin na da ba, kuma yana zuwa ne in na kwantar da sandar zan shiga ƙarƙashin kujera, in na miƙe ya ragu. Na lanƙwasa wuyan na duba sai naga ɗan tiyon nan mai zobe zobe ya tsage ta ƙasa tsakanin zobe biyu, in yana miƙe ba'a gani sai an lanƙwasa yake buɗe baki. Akwai wasu siraran wayoyi biyu a gefensa shi yasa ban taɓa ba. Wannan liƙewa ake yi ko sai an canza kan gaba ɗaya? Sannan ta baya inda iska ke fita ina jin tana fitowa ta gefen murfin ba ta ragar kaɗai ba, shi ma matsala ne? Ramin bayan filta dai na haska fes yake Injiniya.

Baba_Mai_Gyara:

Madalla, kaga moton da aka ce ya mutu. Tiyon wuya dama shi ne na biyu a jerin masu tsagewa don duk shara sai ya lanƙwashe, kuma daidai ka lura, sai an kwantar yake buɗewa shi yasa da yawa basa ganinsa. Ba sai ka canza kan ba. Wayoyin nan biyu su ke kai wuta ga ƙaramin moton da ke juya buroshi, ka cire kan daga sanda kafin ka taɓa, babu wuta a cikinsu in an raba. Ka goge tiyon da tsumma mai ɗan danshi ya bushe sarai don salatif baya kama ƙura, ka ɗan lanƙwasa shi yadda tsagar zata buɗe kaɗan, sannan ka naɗa salatif ɗin wuta baƙi kana ja yana shiga tsakanin zoben, zagaye biyu ko uku, ka wuce tsagar ta kowane gefe. Kada ka haɗa da wayoyin a cikin naɗin, su suna buƙatar su yi motsi, kuma kada ka cika kauri har wuyan ya ƙi juyawa. Abin daɗin shi ne tunda wurin zuƙa ne iskar da kanta ke ƙara manne salatif ɗin a kan tsagar. In ka samu irin na silikon mai manne kansa da kansa ya fi daɗewa don bashi da gam da zai narke da zafi.

Amma in gaya maka gaskiya wannan na wucin gadi ne, tiyon da ya fara tsagewa a zobe ɗaya ya tsufa ne, zai sake a na kusa. Ana saida shi shi kaɗai a intanet, ka duba lambar samfurin injin, galibi tana kan takardar da ke manne a jikin batir ko ƙarƙashin kofi, da ita zaka nema ba da hoto ba don suna kama da juna amma bakinsu ya bambanta. Wajen canzawa sukurorin galibi masu kan tauraro ne, ka nemi sukundireban da ya dace kada ka sa mai baki ɗaya ka cinye kan, kuma ka ɗauki hoto da waya kafin ka ciro komai saboda hanyar wayoyin. In kaga abin zai baka wahala ka kawo kan kaɗai wajen kowane mai gyaran kayan wuta a kasuwar Terminus nan Jos, ba aikin da zai ɗau lokaci bane in tiyon na hannu.

Na baya kuma, can hurowa ake yi, don haka salatif ba zai zauna ba ga ɗumin iskar, kuma kada ka kuskura ka rufe ragar. Iskar da ke fita ta gefen murfi bata rage zuƙa, illarta kawai in akwai filta ta biyu a wurin to wani kaso na iskar yana kauce mata, ƙura mai laushi ta dawo ɗaki, in akwai mai asma a gidan wannan abin dubawa ne. Ka murɗe murfin ka fitar, ka duba ko akwai zoben soso a bakinsa da ya baje ko ya ɓalle, ka share ka mayar har kaji ya shiga ƙas. In sosan ya mutu sai dai sabuwar filta, tare suke zuwa, sai ka haɗa odar da ta tiyon ka biya kuɗin kawowa sau ɗaya.